Bayan Gwajin Aure

Badamasi ya jingine babur a ƙofar gidan da su Mahfuza suke gudun hijira a Batsari. Tun daga makarantar da yake koyarwa a Safana yake tsara maganar da zai yi mata, har ta fito. Wata uku ta yi a hannun 'yan bindiga bayan harin da aka kai garinsu, Ruma. Shekaranjiya gwajin aure ya nuna ta dawo da ƙanjamau.

"Na je asibiti na tambaya," in ji shi. "In kina shan magani, ga kuma kwaroron roba, babu abin da zai same ni."

Ta sunkuyar da kai. "Ni ma sun faɗa min, Malam. Amma jiya da al'adata ta zo, Inna ware min bokiti da kwano ta yi. Uwar da ta haife ni ke nan. Ina ga taka?"

Ya buɗe baki, sai ya tuna rantsuwar mahaifiyarsa da safe, cewa in ya kawo Mahfuza gidan, ba ita ba shi. Ya kawar da kai.

Ta ɗago ta jira shi har idonta ya cika.

"Allah ya haɗa ka da mai lafiya," ta ce, ta koma ciki.