Ƙurjin Leɓen Baba Kafinta

Iya ce ta fara ganin abin, tana miƙa masa kofin shayi. Wasu 'yan ƙuraje ne a gefen leɓen Baba Kafinta, sun taru wuri guda sun ɗuri ruwa.

"Zazzaɓi ne ya fito," in ji shi, yana kare baki da hannu.

"Zazzaɓin da ba ka yi ba? Ɗauko hularka."

Haka Iya take. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ba a yi mata wasa da ciwo, ba a kuma tsallake maganarta. Tun da 'yarsu tilo ta nace ta auri makanikin da Iya ta ce bai yi mata ba, ta kafa doka: kada a taka gidan, kada a ambaci sunanta. Shekaru suka shuɗe, gida daga su biyu sai rediyo.

Mai kemis ta haska leɓen da tocila, ta gyara tabarau.

"Ƙwayar cuta ce, Iya, kuma mutane da yawa na ɗauke da ita. Fata ce ke ba fata. Babbar hanyarta sumba, musamman in ƙurjin na da ruwa. A shimfiɗar aure ma, baki na iya kai ta har al'aura. Wani lokaci kuma tana kwance a jiki shekara da shekaru, sai gajiya ko zafin rana ya tashe ta. Ga man shafawa. Kada ya sumbaci kowa sai ya warke, kada a haɗa kofi da shi. Jariri kuwa, ko kusa."

Duk wannan dogon bayani, kalma ɗaya Iya ta ƙulle a bakin zane: sumba. Ita dai leɓenta lafiya lau tun tana budurwa. Rabon da su yi wannan shirme da tsohon kuwa, tun haƙoransa na cike. Ta juya ta kalle shi. Shi kuma ya duƙufa karanta kwalin maganin, mutumin da ko da tabarau sai an karanta masa.

Mace mai hankali ba ta tambaya, aljihu take dubawa ranar wanki. Iya ta duba. Ta sami ledojin alawa, shi da likita ya hana shan zaƙi. Ta sami baƙin mai a gefen riga. Wuyan rigar kuma ƙamshin hoda yake, ba tata ba.

Ta leƙa shagonsa. Bayan katakai ya ɓoye wata 'yar gajeriyar kujera irin ta mata, an goge ta sumul, an zana mata furanni da jan fenti. Tata kujerar tun bara take ɗingishi, kullum sai ya ce gobe. Washegari kujerar mai furanni ta ɓace.

Sai Iya ta bi matan layi da kallon baki. Ta duba mai burodi, ta duba bazawarar da ke sayar da gawayi, ta je ta tsaya kan tela har ɗinki ya karkace.

"Iya, lafiya kike kallon bakina?"

"Haƙoranki nake yabawa. Ci gaba da aikinki."

Duk leɓunansu ƙalau. Wato ta nesa ce.

Ba ta yi kuka ba, kuka ba ya gyara komai. Ta ninke zannuwanta a akwati, ta tura ƙarƙashin gado. In ta tabbata, za ta bar masa gidan da ta share tun ƙuruciya, ya ga wanda zai riƙa nemo masa hula kowace safiya.

Da la'asar ya ce zai je sayen ƙusa. Kullum da la'asar ƙusa, kamar shi ke cinye su. Iya ta ba shi tazara, ta ɗauki babbar lema, ba don rana ba, ta bi bayansa.

Tsohon da ke kukan gwiwa a gida, ga shi yana tafiya kamar saurayi. Ya tsaya ya sayi alawa. Ya haye gada, ya shiga wani lungu da matattun motoci da tsofaffin tayoyi suka cika. A wata ƙofa mai shuɗin fenti ya shige abinsa, ko ƙwanƙwasawa babu.

Iya ta manna kunne.

"A'a, yau babu," ta ji muryarsa, da wani taushi da ta manta yana da shi. "An hana mu sumba, ni da ke, sai bakinmu ya warke. Ke kika shafa min, ga shi kin ja min bala'i a gida."

Wata siririyar dariya ta tashi.

Iya ta banke ƙofa, lema a sama.

Ga wadda ta sace mata miji zaune a kan kujerar nan mai furanni. 'Yar yarinya ce, tsawonta bai kai na lemar ba. Alawa a hannu, hoda har wuya, ɓawon ƙurji a gefen leɓe. Ta ɗago ta haɗe rai, ta yi wa Iya irin kallon da Iya ke gani a madubi. A tabarma kusa da ita kuma wani jinjiri ke wutsil-wutsil.

"Ku ja da baya!" Iya ta daka tsawa kafin ta san ta yi. Ta yar da lema, ta sure jinjirin. "Da wannan bakin kuke zaune kusa da jariri? Ina uwarsa, marar hankali?"

Faranti ya faɗi a ƙofar kicin, sai wata murya da aka hana ambata shekara da shekaru ta ce, "Ga ni, Iya. Ki zauna, jikokinki ne."