Gishirin Inna a Gaɓar Binuwai

Ban taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin ido ba sai ranar da Baba ya ɗauke ni a kekensa zuwa Tunga. Gishirin da Inna ta dafa a Awe yana ɗaure a kariya, ni kuma ina kan sandar gaba. Da la'asar muka gangara wata 'yar hanya mai bin gaɓar Binuwai. Ba mota, ba babur, sai ƙarar sarƙa. Ruwa ya shimfiɗe har ya haɗe da sama, rana ta zube a kansa ja kamar manja. Na ɗauka ƙarshen duniya muka zo.

Baba ya ce, "Uwata, riƙe kan keken nan."

Na ce, "In muka faɗa ruwa fa? Gishirin Inna zai narke."

"Zai narke kam, kuma ni da ke ba mai cin tuwo. Inda kika kalla, can keke zai je."

Ya saki hannu. Kan keken ya hau fizga kamar akuya. Ruwan nan yana kiran idona, na ƙi shi, na kafe hanya da ido har muka kai inda kwale-kwale ke tsayawa. Baba ya taka birki, ya shafa buhun gishirin, a bushe.

"To, yanzu kalla son ranki."

Bayan shekaru, da furfurata na shiga ajin koyon karatu na manya a Lafiya, ana dariya. Ban juya ba. Allo na kalla.