Abin da Jaki Ya Sauke a Ƙofar Gida

Ka zo min da maganar 'yan wasan nan na ƙasashen sanyi, masu buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara. Ka ce abin yana ba ka haushi, mutum ya bar garin da ake sonsa kamar rai, ya koma wani gari don kawai harajin can bai kai na nan ba. To gyara zama. Kafin ka yanke musu hukunci, bari in ba ka misali da wani ɗan kokawa.

Shi dai wannan bawan Allah mutumin ƙauye ne, amma a babban birni yake wasa, kuma birnin ya ɗauke shi ya ɗora a ka. In ya shigo fili makaɗa su canja kiɗa, mata su rangaɗa guɗa. Duk gasar da ya ci, sanƙira mai shelar kyauta zai miƙe ya wage murya: buhu goma na gero! Kai, a nan fa ransa yake. Jin wannan goman ya fi masa geron kansa daɗi. Sai dai birnin yana da dokarsa, duk abin da ɗan wasa ya samu rabi na hukuma ne. Ba kuwa zalunci ake yi ba, da shi ake gyaran rijiyoyi da hanyar kasuwa, kowa ya shaida. Amma in an tashi daga wasa, buhu biyar jaki yake kawowa gida. Gogan naka bai taɓa ƙirgawa ba. Kafin a kwance kaya ya riga ya baje a zaure, yana ba maƙwabta labarin yadda ya ɗaga ƙato ya maka da ƙasa.

Matarsa ce mai ƙirgawa, don ita ke hawa rumbu. Ita ce kuma take gasa masa gwiwar hagu da ruwan zafi duk ranar da ya dawo, tana kallonsa yana cije leɓe wai don kada ta ji nishinsa. Ta san abin da ya ƙi faɗa: gwiwar nan in ta yi ƙoƙari ta ƙara kaka uku. Gonarsu ga faɗi, babu shanun huɗa, kuma mai ciwon gwiwa ba ya wuni sunkuye da fartanya. Wata rana tana cikin gashin, ta ce, "Maigida, ni ban yi makaranta ba, amma tunda na zo gidan nan, abin da sanƙira yake faɗa da abin da jaki yake saukewa ba su taɓa gaisawa ba." Ta tuna masa wani ƙaramin gari a hayin kogi, wanda mutanensa suka daɗe suna aiko masa da gayyata. Can buhu takwas ake ba gwani, hukuma ta cire ɗaya, ya tafi da bakwai.

Ya yi fushi mana. Takwas? Shi da ake kira da goma? Kwana uku ba ya kallon inda take, ko da yake tuwonta bai rage ko loma ba. A na huɗu ya hau rumbun da kansa, ya daɗe yana leƙe, ya sauko jiki a sanyaye. Da kaka ta kama, ya haye kogi.

Kada ka ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Filin garin ko shinge babu. Makaɗi ɗaya ne, tsoho, kullum sai ya cakuɗa kirarinsa da na wani. A birni kuwa har zambo aka yi masa, wai kwaɗayi ya kai shi lungu. Amininsa ɗan ƙauyensu, wanda suka koyi kokawa tare a yashin rafi, shi ya gaje masa fili da guɗa da goman, har ya aiko masa da saƙon tsiya, wai a gaishe da sarkin kokawar awaki. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, ya yi ƙwalla, bai kuma ɓoye wa matarsa ba. Amma duk dawowa bakwai ake saukewa. A kaka ta uku, ana tsakiyar wasa, gwiwar ta ce ta gaji. A amalanke aka kawo shi gida. Kafin damina ta sauka an sayar da rarar gero, bijimai biyu suna ɗaure a ƙofar gida.

Shi ma aminin bai jima ba ƙugu ya zaunar da shi. Birni ya yi masa waƙa mai daɗi, sannan ya juya ga sabon gwani. Ranar da ƙasa ta jiƙa, yana tsaye a bakin gonarsa da fartanya a hannu, ya rasa ta inda zai fara sunkuyawa, sai ga mutumin nan tafe yana ɗingishi a bayan bijimai. Abin da kawai ya ce masa shi ne, "Matsa min, malam, rana tana yi." Ya huɗe gonar tas kafin azahar. Suka zauna a gindin gawo suna shan fura a ƙwarya ɗaya, wannan riƙe da gwiwa, wancan dafe da ƙugu, suna yi wa juna dariya har da hawaye.

To ka ji. Mai ci da ƙarfin jikinsa kwanakin cinsa ƙirgaggu ne, kuma tafin 'yan kallo ba ya biyo shi gida ranar da jiki ya ƙi. Ka yi wa mutanen ƙanƙara uzuri in sun duba abin da zai rage musu a hannu. Tun kafin a haife mu Hausawa suka rufe wannan zance: ba girin-girin ba dai, ta yi mai.