Kyanwar Baba Ta Sake Ɓullowa

Ranar da kyanwar ta ɓata, Auta ya tarar da Umma a falo, ido a bushe, tana kurɓar shayi a nutse. Tun rasuwar Baba idanunta kullum jawur suke, hanci a toshe. Yau kam, a ganinsa, baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka. Ban da su 'ya'ya, kyanwar nan ce kaɗai mai numfashi da Baba ya bar mata.

Ya karaɗe unguwa har ƙafa ta gaji. Daga ƙarshe ya faɗa shagon mai sayar da tsuntsaye a bayan kasuwa, ya kwatanta masa: fara ce, da baƙin tabo a kunnen hagu. Mutumin ya shiga ciki ya fito da wata. Kamar an tsaga kara.

Auta ya biya, ya sako ta ta ƙofar baya, shi kuma ya shigo ta gaba.

"Umma, kin ga ta dawo!"

Umma ta yi ritaya daga koyarwa, amma ba ta yi ritaya daga gyara wa mutane magana ba. Ta dubi kyanwar ta saman tabarau.

"Ba dawowa ta yi ba, sake ɓullowa ta yi. Mai dawowa da sallama yake shigowa. Ɓullowa kuwa sai ƙurji, sai ciyawa."

Ta yi atishawa, idanunta suka cika. Auta ya juya baya don ta yi kukan murnarta a sake.

Ba a jima ba kyanwar ta kuma ɓata. Ya koma bayan kasuwa, aka kuma fito masa da irinta sak, har kujerar Baba ta sani. Haka aka yi ta yi. Yaudarar tsohuwa tana cin ransa, amma ya fi tsoron busasshen idon nan.

Wata safiya ya ce bari ya riga ɓatan, ya je a tanadar masa wata. A bakin shagon ya ja ya tsaya. Daga ciki, bayan kejin aku, wata murya da ya sani tun yana goye take magana.

"Malam, wannan karon don Allah ka ba wani na nesa kyanwar nan. Gashinta zai kashe ni, kuma na kasa gaya wa yaron nan, ita kaɗai ta rage masa ta ubansa."