Dabarar Kuya Dodong

Ɗan ƙwallon faifan caca ya sake faɗawa kan baƙi, alhali Efren kan ja ya zuba kuɗinsa.

"Ninka," in ji Dodong, wanda ake kira Kuya, wato Yaya, yana murza agogon zinarensa. "Duk faɗuwa ka ninka, ƙanena. Ci ɗaya zai dawo maka da komai."

Efren bai kalle shi ba. Budurwarsa Marikit yake kallo, wadda tun shigowarsu gidan cacar take ƙyalƙyala dariya kan duk abin da Dodong ya faɗa. Kwanakin nan ba ta da zance sai nasa. Kuya ya gano sirrin faifan, Kuya ya sayi mota, Kuya namiji ne. Abin ya ci ran Efren har ya sayar da babur ɗin da yake haya da shi don ya gwada dabarar.

"Ko tsoro kake ji, masoyi?" ta ce, hannunta a kafaɗar Dodong.

Efren ya tura ragowar kuɗin duka kan ja. Faifan ya juya, ya lafa, ƙwallon ya kwanta kan koren sifiri. Aka kwashe.

A bakin ƙofa mai gadi ya miƙa masa sigari cikin tausayi. "Abokina, Dodong bai taɓa cin peso ɗaya da dabarar nan ba. Kamasho ake ba shi kan duk wanda ya kawo."

"To, yau ya ci da ni," in ji Efren.

"A'a, matarsa ce ta kawo ka, ita za a biya." Ya nuna Marikit da haɓa. "Ita kam dabararta ba ta taɓa faɗuwa ba."