Ƙishirwar Zubair

Tun da aka sa ranar tseren Kalgo Rahama ta rasa natsuwa. Mijinta Zubair ɗan tseren dogon zango ne, duk garinsu Dodoru babu wanda bai san shi ba. Da asuba zai kama hanyar Gwandu da gudu, ya dawo ya ɗauki fartanya kamar bai je ko'ina ba. Ya ci tseren daji a matakin ƙaramar hukuma, ya ci na titi, kuma an ce wanda ya zo na ɗaya a Kalgo shi zai wakilci jiha. Shekara da shekaru yana jiran wannan rana.

Abin da mutanen gari ba su sani ba, Rahama ta sani. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana ciwo. In ya idar da salla sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Ta roƙe shi ya je asibiti, ya ce yana tsoron likita ya hana shi gudu, shi ke nan damarsa ta wuce.

Maimakon asibiti, sai kemis ɗin abokinsa Kabiru a Gwandu. Shi Kabiru babu wanda ya taɓa jin makarantar da ya karanci magani, amma bai taɓa cewa bai san wata cuta ba. Zai zazzago ƙwayoyi, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a leda ya ce haɗi ne. Zubair ya daɗe a kan wannan haɗi. Daga biyu ya koma uku, har ya zama ba ya fita atisaye sai da shi.

Sannan akwai maganar ruwa. Tun yana yaro manyan 'yan gudu na garinsu suka koya masa cewa shan ruwa ana cikin gudu shi ke tayar da saifa, ta ciji mutum a haƙarƙari. Ya riƙe wannan magana da hannu biyu, har alfahari yake yi wai shi ƙishirwa ba ta san shi ba.

Da safen ranar tsere Rahama ta ga ya watsa haɗin nan ninki biyu, ya kora da kurɓi ɗaya. Ta ce masa:

"Baban Jidda, wanga zahi ba na wasa ba ne. Don Allah in an miƙo maka ruwa ka karɓa."

Ya yi murmushi ya ce ta bar shi da aikinsa.

Bazara ce, rana ta buɗe tun da hantsi. Rahama ta bi motar 'yan garinsu zuwa Kalgo, ta tsaya a bakin titi da 'yarsu Jidda a goye. Masu shirya tsere sun jera tebura da ledojin ruwa a hanya. Kowa ya zo sai ya fizga ya sha, ya zuba saura a ka. Da Zubair ya iso ta ga laɓɓansa sun yi fari, rigarsa ta bushe ƙamas, alhali ta kowa a jiƙe take. Aka miƙa masa ruwa ya kaɗa hannu ya wuce.

Shi ya zo na ɗaya. Aka ɗaga shi sama, aka ba shi kofi, samari suka rako shi gida da jerin babura. Rahama kaɗai ba ta yi guɗa ba.

Washegari ya yi fitsari ɗan kaɗan, baƙi kamar shayin da ba madara. Daga nan fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya. Ya fara amai, fuskarsa ta kumbura har idanu suka shige, takalman gudun da yake ji da su suka ƙi shiga ƙafarsa. Aka aika wa Kabiru, ya ce gajiya ce, ya aiko da wani haɗin. Wannan karon Rahama ta jefa ledar a murhu, ta fita ba ko mayafi ta kira yayan Zubair.

A asibiti likita ya saurari labarin ƙwayoyin da na ruwan. Sannan ya ce magungunan kashe ciwo sun jima suna cin ƙodar a hankali, gudu cikin zafi ba ruwa ya ƙarasa ta. Sai an riƙa yi masa wankin ƙoda.

Zubair ya kama hannun likita.

"Likita, zan sake gudu?"

"Malam Zubair, mu fara roƙon Allah ka rayu tukuna."

Wanda ya zo na biyu shi ya tafi wakiltar jiha. Zubair yana gida, ba gudu ba gona. Tunda ƙodar ba ta iya fitar da ruwa, likita ya kayyade masa abin da zai sha a wuni, da ɗan ƙaramin kofi, ya kuma gargaɗi Rahama cewa in ya wuce haka ruwan zai iya taruwa a huhunsa. Da rana tsaka Zubair yakan zauna a inuwa yana kallon randa.

"Rahama, kurɓi guda dai. Don Allah."

Ita da ta roƙe shi ya sha a Kalgo, yau ita ce take rufe randar, ta juya baya don kada ya ga hawayenta.

'Yan uwa, ciwo da ƙishirwa gargaɗi ne daga jiki, ba abin toshe wa baki ba ne. Mai ciwo ya je wurin likita, ba wurin mai haɗi ba, mai gudu kuma ya sha ruwa tun ana miƙa masa.