Nauyin Gawa

Suna kaiwa tsakiyar kogi, tsohon mai fito ya tabbata jirginsa karkata yake yi hagu, wajen gawar.

Shekara arba'in yana hayewa da mutane daga gaɓar Sinja zuwa ƙauyensu, da ido yake auna kowa kafin ya nuna masa wurin zama, bai taɓa kuskure ba. Yau baƙi uku ne suka zo da gawa nannaɗe a tabarma, wai tsohuwarsu ce, ta yi wasiyya a binne ta a ƙetare. Ya sa ta hagu da mutum ɗaya, biyu a dama.

"Ya hajji, ja mu mana," in ji babbansu. "Rana na yi."

"Allah ya jiƙanta. Ta daɗe tana jinya?"

"Wata shida. Ta rame, sai ƙashi."

Tsohon ya dubi ruwan da ke lasar bakin jirgin. Ya sha ɗaukar tsofaffi, rayayyu da matattu, ba wadda ta taɓa danne masa jirgi haka. Igiyar ruwa ta buga, cikin tabarmar ƙarfe ya gogi ƙarfe. Bana kowa ya san ƙarar bindiga. Hannun babban ya shige ƙarƙashin jallabiyarsa.

Can gaɓar ƙauyensu mata na wanki, jikokinsa na ɗago masa hannu. Kogi ya cika, ja wur, nan ne kuma mafi zurfi.

"Bari in gyara mata kwanciya," ya ce.

Ya ajiye filafili, ya yi bisimilla, ya taka gefen jirgin na hagu da dukan nauyinsa.